Neman shawara: tafiyar bakin teku da Hajiya, da maganar ratsewa gonar inabi

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure, jiya ko barcin kirki ban samu ba. A Johannesburg muke zaune, nan maigida yake aiki. Hajiyarsa za ta zo daga Zariya, zuwanta na farko ke nan, autanmu ma a waya kawai ta san shi. Ni da Hajiya ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma tun farko ba ni ta so ya aura ba, 'yar ƙanwarta ta so, kuma har yau in sun yi waya sai ta tambaye shi ko ina tuƙa masa tuwo. Lokacin da na haifi Ilham a gida, ƙanwarsa ta je ta ce wai na hana ta ɗaukar jaririya, alhali cibiya ce ba ta faɗi ba na ce a bi a hankali. Maganar nan sai da ta kai gaban Baffa kafin ta mutu. Na kawo wannan ne don ku gane cewa duk abin da ya lalace a tafiyar nan, ni za a ce.

Shirinmu mu hau jirgi zuwa Cape Town, mu ɗauki motar haya, mu bi babbar hanyar N2 ta bakin teku har Gqeberha, wato Port Elizabeth ta da, daga can mu dawo a jirgi. Ina so yara su ga whale, manyan dabbobin tekun nan, a Hermanus, mu leƙa Cape Agulhas inda Afirka ta ƙare, sai Knysna da Tsitsikamma. To ga inda gizo ke saƙar: abokin aikin maigida, ɗan ƙasar, danginsa suna da gona kusa da Franschhoek, ya ce lallai mu ratse mu ci abinci mu kwana. Gonar inabi ce, kuma giya suke yi da inabin. Mutumin nan shi ya tsaya wa maigida tsayin daka lokacin da takardunsa na aiki suka maƙale. Maigida ya riga ya amsa masa, ya ce a gaya wa Hajiya gonar inabi ce kawai, ai ba ƙarya aka yi ba. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Mu je ko kar mu je? In za mu je, a faɗa mata ko a yi shiru?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ba mu labarin cibiya amma ba ki gaya mana wane wata za ku tafi ba, ku nawa ne, ko yaran shekarunsu nawa. Na daɗe a Cape Town, hanyar nan na san ta ciki da bai. Fara ba ni wata tukuna.

Maman Ilham:
Ƙarshen Disamba ne Yaya, lokacin hutun makaranta. Mu shida ne da Hajiya.

Baban Khalifa:
To ki cire whale daga lissafi. Suna zuwa gaɓar Hermanus ne daga wajen Yuni zuwa Nuwamba, an fi ganinsu a Satumba da Oktoba, ƙarshen Disamba sun riga sun yi kudu. Kar ki yi wa yara alƙawarin abin da ba za su gani ba. Ki kai su Betty's Bay su ga tsuntsayen penguin, waɗannan suna nan duk shekara. Daga Gordon's Bay ku ɗauki R44, dutse a hagu teku a dama, babu hanyar da ta kai ta kyau a yankin nan. Agulhas kuma ratse ne mai nisa daga N2, iska ce da duwatsu da allon ɗaukar hoto, da tsohuwa a mota ban ga ribarsa ba. Daga Cape Town zuwa Gqeberha wajen kilomita 750 ne, zuwa Mossel Bay kaɗai kusan 390, kuma a Disamba duk ƙasar ce take kwararowa bakin teku. In ba ku kama masauki a Knysna ko Plettenberg Bay tun yanzu ba, kun makara.

Maganar gona kuwa, ni ban ga abin tashin hankali ba. Stellenbosch kilomita 50 ce daga Cape Town, Franschhoek gaba kaɗan, ko ratse ba za a kira shi ba. Tun da aka kafa Stellenbosch a 1679, Faransawa masu gudun hijira suka sauka a kwarin Franschhoek a 1688, noman inabi ne sana'ar wurin. Ba za ki bi ta yankin ba ki ce ba za ki ga gonar giya ba. Musulmin Cape da aka haife su a nan suna zuwa da iyalansu su shimfiɗa tabarma a ciyawa su ci abincinsu su tashi. Ku je, ku gaisa, ku ci kifi, ku wuce.

Abu Sadiq:
Alhaji, da girmanka, "kowa yana yi" ba hujja ba ce. Wucewa ta gefen gona daban, zama a teburin mai gona daban. Hadisi ya zo cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Mutumin da sana'ar gidansu ke nan, me kike zaton zai ajiye a tsakiyar tebur don ya karrama baƙo? 'Yar uwa, ki ce wa maigidanki ya gayyaci abokinsa cin abinci a cikin gari, a wurin da yake da shaidar halal, ya saka masa alherinsa a can. Sannan ɓoye wa uwa abin da aka san in ta sani ba za ta yarda ba, wannan ba dabara ba ce, yaudara ce.

Maman Ilham:
Malam na gode, amma ai mutumin ya san mu Musulmi ne, shekara da shekaru suna aiki tare, ko a bikin ofis ya san maigida ruwan lemo yake sha. Ba zai kawo mana giya ba. Kuma ba ni na ce a ɓoye ba, maigida ne.

Abu Sadiq:
Ba zai kawo muku ba, shi da iyayensa fa? Kin tambaya?

Maman Walid:
Ni dai Maman Ilham tausayinki nake ji, don na ga irinta. Da tawa uwar mijin ta zo, muka kai ta cin abinci wani wuri a bakin ruwa, mu ba mu sha komai ba, teburin da ke bayanmu ne aka buɗe kwalba. Ba ta ce uffan ba har muka dawo gida. Sai da ta koma Katsina na fara jin saƙo daga dangi, wai na mayar da ɗanta ɗan mashaya. Shi da ya zaɓi wurin ba wanda ya ambaci sunansa. Har yau in na je gida facalolina sai sun yi min habaici da shi, ranar sunan ɗan ƙaninsa ma da na miƙa wa wata zoɓo sai ta ce "wannan dai na gida ne ko?" Kuka na yi a bayan gida. Uwa ba ta ganin laifin ɗanta. Ki sa shi ya faɗa mata da bakinsa, a gabanki.

Baban Khalifa:
Ku daina tsorata yarinya. Maman Walid, abin da ya same ki daban. Maman Ilham, saurare ni. Ki sa maigida ya kira abokin ya gaya masa abu biyu kai tsaye: ba kwalba a tebur, ba giya a girki. Na biyun ya fi muhimmanci, don a gidajen nan da ita ake dafa nama da miya, wani lokaci har kayan zaƙi, su ba sa ma lissafa ta a matsayin sha. Naman kuma ba ku san yankan wa ba ne, ga naman alade a kicin ɗaya. Shi ya sa na ce kifi. Turawan nan in ka faɗa musu ƙa'idarka a fili suna girmamawa, kunya ce tamu take cutar mu.

Kuma in kina son Hajiya ta koma Zariya tana sa miki albarka, ki haɗa mata da abin da zai shiga ranta. Masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap cikin Cape Town, tun 1794 yake, shi ne na farko a ƙasar. A Macassar, kan hanyarku ta zuwa Stellenbosch, akwai kabarin Shehu Yusuf, malamin da Turawan Holan suka kawo gudun dole a 1694, ya rasu a 1699. Ta yi salla a can, ta yi ziyara a nan, gona ta zama ƙaramin abu a labarinta.

Abu Sadiq:
Masallacin dai na yarda. Ɗaura niyyar tafiya musamman don kabari kuma wata magana ce, kar a fita daga wannan a faɗa wancan.

Baban Khalifa:
Malam, ziyarar maƙabarta sunna ce, kuma a kan hanya yake. Kar mu buɗe wannan babin a nan, mun sha yin sa ba mu ƙare ba.

Ummu Hafsa:
Ni abin da ba wanda ya taɓo shi ne, a Disamba inabi bai nuna ba. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris ake girbi. To in kin ce mata gonar inabi, ta isa ta ga 'ya'ya kore shar ba wanda ake tsinka, ga ganguna jere a rumbu, ga kwalabe a kanta tun daga bakin ƙofa, ga motocin baƙi masu zuwa ɗanɗano da kofuna masu dogon wuya, me za ki ce mata? Warin ma kaɗai ya isa, tsami-tsami yake kamar kunun da ya kwana. Tsohuwa ce, ba yarinya ba.

Ni kuma ko ba don addini ba raina ba ya son wuraren nan. Na yi aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a yankin. A da da giya ake biyan leburorin gonakin wani ɓangare na ladansu, an hana a doka tun shekarun 1960 amma abin ya daɗe ana yi, kuma har yau ana haifar yara da lahani saboda shan da uwaye suka yi da ciki. Na riƙe irin yaran nan da hannuna, 'yan ƙanana, kai ƙarami, ga wahalar karatu in sun girma. In na ga farin gini da ciyawa lumbu-lumbu su nake tunawa. In don yara ne, akwai gonakin strawberry a gefen Stellenbosch da ake ba su bokiti su tsinka da kansu, Disamba ma ana samu.

Maman Ilham:
Anti na ji, Allah ya saka. Amma gidan da za mu kwana ba a jikin rumbun yake ba, na ga hoto, can gindin dutse yake. Kuma Hajiya ba mai yawo ba ce, gwiwa tana damunta, ga ciwon suga, in ta zauna a ɗaki ba fita za ta yi ba. Sannan duk sauran masaukan na riga na biya, na jera su ne a kan cewa daren farko a gonar za mu yi. In na cire shi, a Disamba ina zan samo ɗakin mutum shida?

Maman Walid:
Au, ashe kin riga kin biya. To shawarar me ake nema?

Baban Khalifa:
Tsaya, gwiwa da suga, sai yanzu kike faɗa? Wannan ya fi maganar gona girma. Daga Franschhoek in za ku Hermanus ta kan dutse za ku bi R45, kwana-kwana ce mai juya ciki, ki zaunar da ita a gaba. Gadar lilo ta bakin kogin Storms River da kike ɗoki a Tsitsikamma, sai an yi tafiyar ƙafa a kan katako mai matakala da yawa kafin a kai, ba za ta iya ba. Duk awa biyu ku tsaya ta miƙe ƙafa. In allurar insulin take yi, kar a bar ta a mota, zafin Disamba zai lalata ta. Magariba a Cape sai wajen ƙarfe takwas, ki tsara cin abincinta da agogo, ba da rana ba. Kuma mutum shida da akwatuna, mota mai kujera bakwai ba za ta ɗauke ku ba in an buɗe layin baya, ƙaramar bas za ku nema. Autan in bai kai shekara 3 ba doka ce sai da kujerar yara.

Abban Mubarak:
Maganar motar haya, ku ɗauki hoton kowane lungu kafin ku tayar. Ni wani kamfani ya riƙe min kuɗin ajiya a kan ƙarzanen da na tarar a jikin ƙofa, na yi ta aika saƙo har na gaji, ga kuɗin ajiye mota a wani gari da ba su faɗa min ba sai a kanta. Tunda ku ma a Cape Town za ku ɗauka ku ajiye a Gqeberha, ku tambaya tun yanzu.

Abu Sadiq:
An koma maganar mota an bar asalin tambaya. Kuɗin ɗaki ba ya halatta abin da bai halatta ba. Akwai Musulmi da masallaci a Stellenbosch, a tambaye su masauki.

Maman Ilham:
Malam ba wai na ƙi ba ne. Amma ku duba matsayina. In na ce ba za mu je ba, maigida zai ce na kunyata shi a gaban wanda ya rufa masa asiri. In na faɗa wa Hajiya da kaina, zai ce na kai ƙararsa wurin uwarsa. In na yi shiru ta gano, ni ce na kai ta. Kuma gaskiya yaran sun riga sun ga hoton dawakan gonar, kullum sai sun tambaya. Na yi masa maganar ya kira abokin kan tebur da girki kamar yadda Yaya ya ce, ya ce zai duba, wai abin da nauyi ka gindaya wa mai masaukinka sharaɗi.

Ummu Hafsa:
To ko ku rabu biyu? Shi ya je ya kwana da manyan yaran, ke da Hajiya da auta ku kwana a gari.

Maman Ilham:
Ni da Hajiya mu kaɗai a ɗaki ɗaya har safe? Kuma in ta tambaye ni ina ɗanta ya tafi da jikokinta, in ce mata me?

Baban Khalifa:
Ba a raba tafiya, mota ɗaya ce. Ki turo min jerin masaukan da kika biya da ranakunsu in gyara miki, na tabbata Agulhas ne ya cinye miki kwana. Kuma har yanzu ba ki gaya min shekarun yaran ba.