Karkarwar fiffiken jirgi: wa ya taɓa gani da idonsa?

ƊalibinInjiniya: Salam 'yan uwa. Furojet ɗina kan karkarwar fiffike ne, watau rawar da iska ke sa fiffike ya yi tana ƙaruwa har ya karye. Na yi lissafin gudun iskar da karkarwar za ta fara da hanyar masani Theodorsen ta 1935, na sassaƙa ɗan fiffike da katakon balsa muka sa a bututun iska na makaranta (inda fanka ke hura iska don gwaji), wallahi tun ba mu kai gudun da lissafi ya ba ni ba ya fara lanƙwasa yana murɗewa lokaci guda, kafin a kashe fanka ya tsage daga gindi. Wa ya taɓa cin karo da haka?

Makaniki_Hanga: Ƙanena ni ba ɗan lissafi ba ne, amma a hanga (garejin jirgi) in aka sake wa aleron (marfin da ke motsi a bayan fiffike) fenti dole a cire shi a sake auna balas ɗin nauyinsa, don fenti kaɗan a gefen baya yana mayar da nauyi bayan hinji. Na ga wani ƙaramin jirgi da matuƙinsa ya dawo yana cewa sitiyari na zillo a hannunsa, da muka duba ashe hinjin ne ya yi lako-lako. Duba wurin da ka maƙala fiffiken naka tukuna.

Yaya_CFD: Gaskiyar oga ce. Ka buga fiffiken da ɗan guduma ka auna mitar lanƙwasa da ta murɗa (sau nawa yake kaɗawa a daƙiƙa) kafin ka kunna iska? Manyan kamfanoni ma sai sun jijjiga jirgi a ƙasa sun gyara lissafinsu da abin da suka auna. Ni a mastas na gwada a kwamfuta fiffiken gwaji mai suna AGARD 445.6 da aka gwada a cibiyar bincike ta Langley a Amurka, ƙasa da Mak 0.9 (Mak 1 shi ne gudun sauti) lissafi da gwaji sun zauna daram, wajen 0.96 gudun da karkarwar ke farawa ya yi ƙasa sosai, da na haura Mak 1 kuwa kwamfuta ta ba ni adadi sama da na gwaji, watau tana ce min lafiya lau a inda fiffike ya riga ya fara rawa.

Makaniki_Hanga: Hmm. Haka jiragen Lockheed Electra biyu suka tarwatse a sama a 1959 da 1960, mazaunin inji ya yi rauni farfela ta ja fiffike.

ƊalibinInjiniya: Yaya ban auna mitar ba gaskiya, kuma da kusoshi biyu kawai na ɗaure gindin. Akwai mai akselaromita (na'urar auna jijjiga) da zai ara min?