Tambaya: Ta yaya kwaɗo yake rayuwa a cikin hamada?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Wani ɗalibina ya ga hoton wani kwaɗo da aka ce yana zaune a hamadar Sonora, wadda ta ratsa jihar Arizona ta Amurka da arewacin Meziko, sai ya tambaye ni yadda dabbar da fatarta ke buƙatar laima za ta zauna a inda ake shafe watanni ba a ga ɗigon ruwa ba. Na yi masa alkawarin amsa ranar Litinin, saboda haka ina roƙon masana su taimaka mini.

Ɗalibin Ilimin Halittu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Wannan kwaɗo shi ne wanda masana suka raɗa wa suna Scaphiopus couchii tun shekarar 1854, kuma tsawonsa bai cika wuce santimita 9 ba. A ƙarƙashin kowace ƙafarsa ta baya akwai wani baƙin tsiro mai tauri, mai siffar lauje, wanda yake haƙa da shi yana ja da baya har ƙasa ta rufe shi ruf. Yakan nutsa zurfin da ya kusa mita 1, inda zafin rana ba ya isa, ya kwanta a can kimanin wata 10 ba ci, numfashinsa da bugun zuciyarsa sun ragu ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake sarrafa ruwan jikinsa. Kafin ya shiga rami yakan cika mafitsararsa da ruwa, ya riƙa janyo shi kaɗan-kaɗan. Idan ƙasar da ke kewaye da shi ta fara bushewa, sai ya bar sinadarin yuriya, wanda a ƙa'ida ta fitsari ake fitar da shi, ya taru a jininsa. Da yake ruwa yakan bi ta fata ya nufi ɓangaren da sinadarai suka fi yawa, ƙasar ba ta iya tsotse shi, shi ne ma yake samun ɗan abin da ya rage a cikinta.

Tsohon Malamin Gona:
Malama, bayanin yaron nan ya gamsar, amma ya tsaya a kan kwanciya, alhali fitowar ita ce za ta fi jan hankalin yara. Damina a wannan hamada takan faɗi ne wajen watan Yuli, kuma ba jiƙewar ƙasa ce take tayar da shi ba, girgizar tsawa da dukan ruwa a doron ƙasa yake ji. Shi ya sa ƙarar babura a daji takan ruɗe shi ya fito ba lokaci ba, wanda hakan halaka ce gare shi.

A daren farko mazan sukan taru a kududdufai suna kuka kamar na tumaki, mace ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai har 3,000. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 1 ko 2, 'ya'yan masu wutsiya su fitar da ƙafafu su bar ruwa cikin kimanin kwana 9, domin kududdufin ba zai jira su ba. Sau da yawa ma yakan ƙafe kafin su kammala, a wayi gari duk sun mutu. Manyan kuwa shinge, wato gara mai fiffike, suke dira a kai suna ci, wanda shi ma ruwan farko ne ke fito da shi, kuma cin dare ɗaya ko biyu yana iya riƙe su har damina ta zagayo.

Idan kina neman misalin da yaran suka sani, ki tuna musu da gaiwa, wadda ake haƙowa da rai daga busasshen laka a fadama da rani.

Malamar Firamare:
Na gode, Baba, Allah Ya ƙara basira. Saura tambaya ɗaya da na tabbata za su yi: yana da dafi?

Ɗalibin Ilimin Halittu:
Fatarsa tana fitar da wani ruwa mai sa atishawa da zubar hawaye ga wanda ya taɓa shi sannan ya kai hannu fuska, kuma yana yin zafi idan ya shiga ciwo. Wanke hannu da sabulu yana wadatarwa.