Neman shawara: dnsmasq ya ƙi tashi a cikin snap a kan Ubuntu Core

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa wata makaranta ɗan akwatin da zai riƙa raba adireshin IP ga kwamfutocin ɗalibai. Raspberry Pi 4 ne, na ɗora masa Ubuntu Core 22 saboda tushen fayilolinsa a kulle yake, karantawa kawai ake yi, ga kuma yadda ake ɗauke wuta ba sallama. Na naɗe dnsmasq, shirin da ke raba adireshin IP, da ɗan shirina a cikin snap, wato ƙunshin manhaja na Ubuntu da ke gudana a keɓe. Da --devmode, wato yanayin gwaji, komai lafiya lau, amma ina mayar da shi strict, wato cikakkiyar keɓewa, sai ya mutu nan take, wai ya kasa rubuta /var/lib/misc/dnsmasq.leases. Ga shi babu apt, /usr kuma ba ya taɓuwa. In kai shi a devmode haka nan, ko akwai mafita?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka kai shi haka. A devmode, AppArmor, mai tsaron da ke iyakance abin da shiri zai iya taɓawa, ba ya hana komai, sai dai ya rubuta cewa da ya hana. Akwatin da zai zauna a tsakiyar sadarwar yara bai kamata a bar shi ƙofa a buɗe ba. Ita ma Snap Store ba ta yarda a saki irin wannan snap ɗin a tashar stable.

Matsalarka ta wurin rubutu ce. Shi snap fayil ne na squashfs, tsarin fayiloli na karantawa kawai, duk abin da ke ƙarƙashin $SNAP ba a rubutu a cikinsa. Inda aka ware maka shi ne $SNAP_DATA da $SNAP_COMMON, duka a ƙarƙashin /var/snap. Ka rubuta ɗan shirin da zai tayar da dnsmasq, ka ba shi --dhcp-leasefile da --pid-file suna nuni can. Ni na fi son $SNAP_COMMON ga fayil ɗin leases, wato lissafin adireshin da aka raba, domin $SNAP_DATA kowane sabon zubi da nasa kwafin. Ranar da ka yi snap revert don komawa tsohon zubi, tsohon lissafi ne zai dawo, sai dnsmasq ya manta wa ya bai wa wane adireshi.

Malama mai Linux:
Ƙari a kan maganar Ɗan Fagge. Ka duba plugs ɗinka, wato izinin da snap ɗinka ke nema daga tsarin. network da network-bind suna haɗuwa da kansu, amma network-control da firewall-control sai ka haɗa su da hannunka da snap connect. Mutane da yawa suna rubuta su a snapcraft.yaml su ɗauka shi ke nan. Buga snap connections da sunan snap ɗinka, duk inda ka ga ɗan layi a gurbin slot to ba a haɗa ba. Sannan ka girka snappy-debug, ka bar shi a buɗe a wata taga lokacin da kake tayar da shirin. Zai nuna maka abin da aka hana, har ya ba ka sunan plug ɗin da ya dace.

Na Damagaram:
Ni a ganina wannan aikin na OpenWrt ne, wato Linux ɗin da aka yi don na'urorin sadarwa. Yana zuwa da dnsmasq a shirye, tushensa squashfs ne a yawancin na'urori, da overlay a sama da ake rubutu a ciki. Sai dai in shirin naka na buƙatar keɓewar da snap ke bayarwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shirin nawa yana karɓar bayanai daga na'urorin ɗalibai, shi ya sa nake son keɓewar. Na gyara wurin rubutu, na haɗa network-control. Yanzu kuma yana cewa an riga an kama tashar 53, wato ta neman sunaye (DNS).

Ɗan Fagge:
systemd-resolved ne ya kama tashar, yana zaune a 127.0.0.53. Kada ka kashe shi, tsarin kansa da shi yake neman sunaye. Sa interface=eth0 da bind-interfaces a saitin dnsmasq, don ya saurara a katin makarantar da 127.0.0.1 kaɗai. In ya tashi sannan ya faɗi wajen sauya mai amfani zuwa nobody, to seccomp, mai tace kiran da shiri ke yi wa tsarin, shi ne ya tare shi. Sa user=root da group=root, tunda ko root ɗin cikin snap a ɗaure yake da dokokin AppArmor.