Me za mu kira "groove" da Hausa? Faifan Sly Stone ne ya sa ni tambaya

1/ Kwana uku ina son in yi rubutu a kan faifan There's a Riot Goin' On na Sly and the Family Stone, ƙungiyar makaɗa ta mawaƙi Sly Stone, wanda ya fito a Amurka a Nuwamban 1971, amma kalma ɗaya ta tsayar da ni. Turawa na cewa "groove". Duk ƙarfin faifan nan a kanta ya rataya, har rauninsa ma. 'Yan'uwa masana harshe da makaɗa, ku taya ni nema.

2/ A harkar faifai, kalmar na nufin ɗan siririn layin nan na jikin faifan garmaho da allura ke bi. Daga baya makaɗa suka are ta don abin da ke faruwa idan ganga da jitar bes suka kama juna, kiɗa ya zauna daram, mai sauraro ya ga kansa na kaɗawa bai shirya ba.

3/ Wani malami ya ce mini "kari". Allah ya ƙara wa Malam sani, amma kari ma'auni ne, ana iya ƙirga shi. Makaɗa biyu za su buga kari ɗaya, na farko ya tashe ka tsaye, na biyu ya bar ka a zaune. Abin da ya raba su nake nema.

4/ Wata 'yar'uwa ta kawo "rangaji". Na so ta ƙwarai, don da jin ta ka ga jiki na lanƙwasa. Sai dai rangaji aikin mai rawa ne, mu kuwa sunan abin da ke cikin kiɗan muke nema. "Cashiya" kuma ta cika zafi da sauri, alhali kiɗan faifan nan a hankali yake tafiya, kamar mai ɗauke da kaya.

5/ Ni dai na tsaya a kan "taku". Takun kiɗa. Kowa da irin takunsa, kana iya gane mutum daga nesa tun ba ka ga fuskarsa ba. Akwai na ƙasaita, akwai na gajiya, akwai na mai jan ƙafa. Bari in gwada ta a kan faifan ku ji ko za ta ɗauki nauyi.

A waƙar Family Affair, wadda ta kai matsayi na 1 a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard ta Amurka, ba mutum ne ke buga ganga ba, na'ura ce, Maestro Rhythm King. Na'ura ba ta gaba ba ta baya. Amma Sly ya ɗora muryarsa can ƙasa, yana ɗan jinkirta wa bugun, makaɗi Billy Preston na yayyafa fiyano, 'yar'uwar Sly, Rose Stone, na amshi. Wannan 'yar tazara tsakanin bugun na'ura da jinkirin mutum ita ce takun. A Thank You for Talkin' to Me Africa kuwa, tsohuwar waƙarsu ta 1969 ya ɗauko ya rage mata gudu, har bes ɗin ya koma kamar giwa na ratsa laka. Fiye da minti 7, kuma wallahi ban taɓa ƙosawa ba.

6/ Raunin fa? Sautin ya dushe. Sly ya yi ta naɗa yana gogewa a kan tef ɗaya har tef ɗin ya gaji, don haka wasu kalmomin sai ka kasa kunne sosai. Wasu na cewa duhun nan ado ne. A wasu wuraren na yarda, amma ba ko'ina ba. Africa Talks to You ta kusa minti 9, takun na nan lafiya lau, sai dai tafiyar ba ta kai ka ko'ina. Kafin a kai rabi an gama faɗin abin faɗa.

7/ To kun ji: "takun ya zauna", "takun ya yi nauyi", "akwai taku amma babu zango". Duk sun shiga baki ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ya rage mini shi ne makaɗan kalangu da ke cikinmu. Idan kuna da kalmar da kuke faɗa wa yaranku sa'ad da kiɗa ya kama, ku kawo ta, zan ajiye tawa in ɗauki taku.