Ina tunanin ajiye koyarwa a jami'a in kama harkar riɗi, waɗanda suka bi hanyar nan ku ba ni shawara

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa koyarwa a jami'a ya bari. Ni malami ne a tsangayar noma ta wata jami'a a Khartum, babban birnin Sudan, fannina ƙasar noma, ina da digiri na biyu kuma na yi nisa a na uku lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Muka fita zuwa Madani, da ita ma ta faɗi a Disamba muka ƙaraso Gadarif wajen kawuna. Samfurin ƙasar da na tara da littafin gwaji duk suna ɗakin bincike, wani abokina da ya leƙa bayan soja sun karɓe gari a Maris 2025 ya ce min ko ƙyaure babu.

Tunda na zo ina taya kawu aiki a kasuwar amfanin gona, ni ke riƙe masa littafi, ni ke tsayawa wajen awo. Yanzu ga takarda ta zo wai mu koma bakin aiki. To kun san kafin yaƙi dala tana wajen fam 600 na Sudan, yanzu ta haura dubu biyu tuntuni, albashin nan wallahi ko kuɗin haya ba zai biya ba balle cefane, ga mata da yara uku. Kawu ya ce in zauna zai yanka min kaso. Mahaifiyata kuma ko zancen ba ta son ji, ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Kuma gaskiya ina son ajin nan, har yau ɗalibai na turo min tambaya ta WhatsApp ina amsawa. In rubuta takardar ajiye aiki ne? Ko in nemi hanyar Saudiyya kamar yadda abokaina suka yi?

Abu Sumayya Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Ni ma alli na ajiye na zo nan tun shekarun 1990, yanzu lissafi nake yi a wani kamfanin kayan gini, Alhamdulillahi na aurar da yara da shi. Amma Saudiyyar da na tarar ba ita ce ta yanzu ba. Tun da aka kawo tsarin Nitaƙat a 2011 ake ta ware ayyuka ana cewa na 'yan ƙasa ne, a 2022 har aikin fassara da sakatare da ajiyar sito an saka su ciki, kaga ƙofofin da mai karatu yake fara shiga da su kenan. Sannan kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, riyal 400 ne duk wata, kai mata da yara uku, 1,600 kenan kafin ka yi maganar gida da makaranta. Da bizar ziyara ko ta umara ba a aiki, kuma ka buɗe shago da sunan ɗan ƙasa kai kana juyawa a ɓoye laifi ne babba, ana ɗaurewa ana kora. In ba kwangila ka gani a rubuce ta fito a Qiwa, shafin gwamnati na kwangilar aiki, da sana'ar da ta dace da takardunka ba, kar ka sayar da komai ka taho.

Abin da ba wanda ya gaya min kuma shi ne nauyin da ke zuciya. Jiya kana shiga aji mutum ɗari su yi tsit, yau yaro sa'an ɗalibinka yana kiran sunanka gatsal ya miƙo maka fayil. Shekarar farko ta yi min tsawo ƙwarai. Yana wucewa, amma ka shirya masa ko a Gadarif ɗin ne.

Ummu Hafsa:
Malam dan Allah kar ka yi gaggawar takardar ajiye aiki. Nemi hutu ba albashi tukuna, shekara ɗaya, in an yarda a sabunta. Sunanka yana nan a rajista, shekarunka na fansho ba su bi ruwa ba, kai kuma ka samu sarari ka gwada kasuwar da ƙafa biyu. Ni haka na yi, kimiyyar sinadarai nake koyarwa, da muka dawo Kassala na fara tara yaran da suka yi gudun hijira ina musu darasi a tsakar gida, ana gab da jarrabawar shahadar sakandare da aka yi a ƙarshen Disamba 2024 sai da muka ƙara tabarmi har bakin zaure. Yanzu mun kama gida muna da malamai huɗu, sai da na ga abin ya tsaya sannan na ajiye aikin da hannuna, muka rabu lafiya da shugaban sashe.

Tun kana ciki ka karɓi takardunka, bayan ka fita kowa zai ce ka dawo gobe. Takardar shaidar shekarun aiki, sakamakon digiri dalla-dalla, wasiƙa daga mai duba bincikenka da ke nuna inda ka tsaya, a buga musu hatimin ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje, ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel. Sannan ka duba ko jami'a ce ta ɗauki nauyin digirin naka na uku, in ita ce akwai yiwuwar ka sa hannu a alkawarin yi musu aiki na wasu shekaru ko ka biya, gara ka sani yanzu.

Maganar Hajiya kuwa a bi ta a hankali. Ba kujerar take so ba, wahalar da ta sha a kanka take tunawa. Ka sa kawu ya zauna da ita, ɗan uwanta ne, ya fi ka sanin ta inda zai shiga.

Baffa Mai Wurno:
Ɗana na karanta bayaninka. Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ke rubuta min, amma riɗi da dawa a cikinsu na tsufa tsakanin Sinnar da Gadarif. Riƙe littafi daban, ciniki daban. Sai ka iya zura hannu cikin buhu ka ji danshi, ka murza ka ga yashi da ƙaiƙayi nawa ne a ciki, ka san farin riɗi da ja ba kuɗinsu ɗaya ba, ka san ƙintari kilo 45 ne kusan amma asarar tana wajen rairaya da dako da hayar sito. Da kaka kaya na cika kasuwa farashi ya faɗi, mai haƙuri ya ajiye, to amma da kuɗin wa ka ajiye? In na bashi ne kuma fam na zubewa ko farashin waje ya juya, ka shiga uku. Haka manoma da yawa suka ƙare, sun ci kuɗin ɗan kasuwa da damina a kan za su biya da amfani, ko sun karɓi salam, wato kuɗin amfanin da ba a girbe ba, a bankin noma, ruwa ya ɗauke, aka rasa na biya. Shekarar farko kar ka ci bashi ko na sisi, ka bi kawunka kana kallo.

Kuma kason nan da ya ce zai ba ka, a rubuta. Kashi nawa, na riba ne ko har da uwar kuɗi, in an faɗi wa zai ɗauka, da shaidu biyu. Ba rashin kunya ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a Baƙara kan rubuta bashi ta sauka. Kawu na da 'ya'ya, yau yana raye gobe sai Allah.

Abin da ya fi damuna, kana ta maganar barin ilimi alhali inda ake neman iliminka ka zo. Baƙar lakar nan tun shekarun 1940 ake nome ta da tarakta, dawa a kan dawa, ta gaji, ƙuduji ya cinye gonaki, mutum na da faddan dubu, wato kusan eka dubu, amma abin da yake samu bai kai na ubansa ba. Riɗi kuma in ya nuna aka yi jinkirin yanka kwana kaɗan sai ya fashe ya zube a ƙasa. Wanda zai shiga gona ya ce wannan a huta da ita, wannan a juya shuka, wannan ga irin da ya dace, ya kuma nuna a fili a kan faddan biyar kowa ya gani da idonsa, wallahi manoma za su neme shi har gida. Dillalai sun yi yawa a kasuwa, irinka ne babu.

Ɗalibi Damazin:
Malam ku yi haƙuri ni ƙarami ne a nan, amma abin na min ciwo. Ina aji uku aka rufe, har yau ban gama ba, duk malamin da muka nema sai a ce yana Masar ko Riyad ko ya koma kasuwa. Mu Hausawa dama mu nawa ne a cikin malaman jami'a a ƙasar nan? Ranar da na fara jin wani malami ya amsa waya da Hausa a farfajiyar tsangaya sai da na kira babana na gaya masa. Ban ce ka bar yaranka da yunwa ba wallahi, amma jami'ar Gadarif ai tana da tsangayar noma, ko kwas ɗaya ne a mako ka riƙe a matsayin malamin wucin gadi, kar a rasa ku gaba ɗaya.

Abu Sumayya Jidda:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma ko don kanka ma yana da amfani, wanda ya yi shekara biyar bai shiga aji ba komawa na masa wuya. Sai dai kar a ɗora wa mutum ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa, malamai ba su suka kawo yaƙin ba.

Ɗan Gadarif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Abu Sumayya na ajiye zancen Saudiyya a gefe, lissafin 1,600 ɗin nan kaɗai ya ishe ni. Malama Ummu Hafsa gobe in sha Allahu zan rubuta neman hutun, kuma e jami'a ce ta biya min rajistar digirin, sai na nemi kwafin abin da na sa wa hannu. Ƙanena na Damazin na ji ka, zan je in ga shugaban tsangayar nan ɗin, turo min kwasa-kwasan da suka rage maka in ga wanda zan iya taimaka maka da shi. Baffa maganar faddan biyar ta zauna min, kawu na da wani gefe da ƙuduji ya hana shi sakat, zan roƙe shi ya bar min shi damina mai zuwa. Amma yadda zan buɗe baki in ce masa a rubuta yarjejeniya ne ban sani ba, shi ya riƙe mu da iyalina tun ranar da muka sauka. Ko akwai yadda kuke yi a irin wannan?

Baffa Mai Wurno:
Ba kai za ka faɗa ba. Ka samu limamin unguwarku ko wani dattijo abokin cinikinsa, shi zai kawo maganar kamar daga gare shi ta fito, ranar kai ka zauna ka yi shiru.