Punk da Hausa: fank, bore ko kangara?

1/ Jama'a, ina cikin rubutu kan makaɗan Wire na Ingila sai kalma ɗaya ta tsayar da ni cak: punk, sunan salon kiɗan da suka fara da shi. Da farko na ce a hausantar da ita kawai, to amma bakinmu kan mai da p ta koma f. Sai ta zama fank, ta yi karo da funk na su James Brown. Me ya haɗa kifi da kaska?

2/ Ga wanda bai san su ba: a Landan suka haɗu a 1976, Colin Newman, Graham Lewis, Bruce Gilbert da mai ganga Robert Gotobed. Faifansu na farko, Pink Flag, ya fito a 1977 da waƙoƙi 21 cikin kusan minti 35. Akwai wadda ko rabin minti ba ta kai ba. Da baiti ya ƙare, kiɗa ya tsaya, babu jan amshi.

3/ Wani ɗan'uwa ya ce "kiɗan bore". Ya dace da Sex Pistols da The Clash, masu yi wa sarauta da gwamnati tsawa. Sai dai bore yana da wanda ake yi wa, su kuwa Wire ba gwamnati ce a gabansu ba. Wata 'yar'uwa ta kawo "kiɗan 'yan iska". Gaskiya ta fi kowa kusa da asalin ma'anar, amma wa zai karanta wannan a rediyo?

4/ Abin da ya warware min shi ne yadda sautinsu ya riƙa sauyawa. A 1978 suka fitar da Chairs Missing, furodusansu Mike Thorne ya shigo musu da na'urar haɗa sauti, kiɗan ya rage gudu, ya yi duhu. A 1979 sai 154, wanda suka sa wa suna da adadin wasannin da suka yi zuwa lokacin. Suka watse a 1980, suka dawo a 1985, daga baya suka rungumi injin ganga, suka kuma ƙi taɓa tsofaffin waƙoƙinsu. A rangadin Amurka na 1987 ma sai suka ɗauko wasu makaɗa, Ex-Lion Tamers, su fara buga wa jama'a Pink Flag, su kuma su fito da sabo. Da mai gangar ya tafi a 1990, harafi ɗaya suka cire daga sunansu, suka koma Wir. Ni dai wannan ya ba ni dariya.

5/ Shi ya sa na tsaya a kan "kangara". Kangararre ba ya lanƙwasuwa, ko ga iyaye, ko ga kamfanin faifai, ko ga masoyansa. Kiɗan kangara ke nan, masu yinsa kangararru.

6/ Saura experimental, kalmar da ake siffanta kiɗan Wire na baya da ita. "Na gwaji" ya yi kama da atisayen da ake yi kafin wasa, kamar ba a kai ga na gaske ba. Na fi son "lalube": mutum ya miƙa hannu cikin duhu, bai san abin da zai cafko ba.

7/ Ku gwada a baki: "Wire sun fara da kiɗan kangara a 1977, kafin shekara biyu sun koma kangarar lalube." Malaman harshe, in da gyara, bisimilla. Post-punk, sunan salon da ya biyo bayan punk, ita ce har yanzu ta gagare ni, don "bayan kangara" sai ka ce yaron ya shiryu.