Neman shawara: in sayi katin girafik da ya fito daga hannun 'yan mainin?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon haɗa bidiyon biki a nan cikin Katsina. Asalinsa na yayana ne, wanda ya koma Kaduna da aiki ya bar mini kwamfutar bisa sharaɗin in riƙa ba mahaifiyarmu wani abu duk wata, kuma ban taɓa saɓa wannan alkawari ba ko a watan da babu ciniki. Makon jiya katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto da bidiyo, ya mutu ina tsakiyar aikin wani biki na Daura: allon ya cika da layuka kore da ja, fankar ta yi ta ƙugi, sannan komai ya ɗauke. Masu bikin sun biya rabin kuɗi, kuma uwar amarya tana kira na safe da yamma. Naira 400,000 na kwasa a adashi, amma sabon RTX 4060 ya fi ƙarfin wannan kuɗi a duk inda na tambaya a Kano. Wani dillali a Legas yana da RTX 3070 na hannu, kuma bai ɓoye mini cewa daga wajen masu haƙar kirifto, wato 'yan mainin, ya fito ba. Abokina ya ce in saya, in bar shi yana mainin da dare har ya mayar da kuɗinsa. Don Allah me kuka gani?

Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara cire maganar mainin daga ranka, domin zamaninta ya wuce. Abin da ya sa katunan nan suka yi tashin gwauron zabi a 2021 shi ne haƙar kuɗin kirifto na Ethereum, lokacin da RTX 3080 da Nvidia mai ƙera katunan ta fitar a kan dala 699 ya koma ana sayar da shi ninki biyu ko fiye, har kamfanin ya fito da samfurin LHR wanda aka rage wa ƙarfin haƙa da gangan. A ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ya sauya tsari ya daina buƙatar masu haƙa baki ɗaya, shi ya sa suka zubo katunansu kasuwa. Bitcoin kuwa da injuna na musamman ake haƙarsa, katinka ba zai taɓuka komai ba. RTX 3070 yana jan wat 220, kuma ƙananan kuɗaɗen kirifto da suka rage ana haƙa da kati ba za su biya maka ko man janareta ba.

Bakatsine: Ni dai duk wanda ya ambaci mainin raina ɓaci yake yi. Wata da watanni muka yi muna danna allon waya a wasan kirifto na Hamster Kombat a 2024, da aka fashe abin da na samu bai kai kuɗin datar da na ƙona ba. Har yau ban daina jin takaici ba.

Injiniya: Malam, wancan dannawar daban, haƙa da kati daban, kada mu rikita yaron. Ƙanena, ba ka gaya mana ƙarfin akwatin wutar kwamfutarka, wato mai raba wa kayan cikinta wuta, ba. RTX 3070 yana son na wat 650, shi kuwa RTX 4060 wat 115 kawai yake ja, kuma ƙwaƙwalwar kowannensu gigabait 8 ce. Ka ƙara haƙuri ka cika kuɗi ka sayi sabo mai garanti.

Abu Hanifa: Injiniya, da girmamawa, ban yarda ba. Katin da ke shagona na hannu ne daga 'yan mainin, kuma lafiya lau yake aiki. Masu haƙa da yawa suna rage wa kati wuta don ya daɗe, abin da ke gajiya shi ne fanka da man da ke tsakanin kati da ƙarfen sanyaya shi, kuma duka ana canza su da kuɗi kaɗan. Jiran saukar farashi kuwa jiran gawon shanu ne, tunda tun da aka saki naira a Yunin 2023 komai na dala ya ninka, ga kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun maye gurbin 'yan mainin wajen wawashe kayan Nvidia. RTX 5090 ma a kan dala 1,999 ya fito a 2025.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai. Sai dai Yaya Injiniya, dillalin nan ba baƙo ba ne, abokina ya taɓa sayen kaya a hannunsa, kuma ya turo mini bidiyon katin yana aiki. Maganar mainin ma ba na ce zan dogara da ita ba ne, gani na yi kwamfutar tana zaune banza da dare. Cika kuɗi kuma yana nufin in taɓa kason mahaifiyata, wanda ba zan yi ba.

Injiniya: Bidiyon minti ɗaya ba gwaji ba ne. Katin da ya gaji sai ya ɗauki zafi na sa'a guda yana fitar da aiki kafin ya nuna halinsa, kuma a zafin Katsina na watan Afrilu ba zai ɓoye ba. Idan ya mutu bayan mako biyu, wa za ka kama a Legas?

Maman Walid: Ɗana, kafin komai ka kai aikin mutanen Daura wani shago a ƙarasa maka, ko da ribarka za ta tafi. Mu ma an riƙe mana bidiyon bikin 'yata har ta haihu, kuma har gobe ba na gaisawa da mai shagon da daɗin rai.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Mama, na ji, amma idan na kai wani shago zai ɗauke mini kwastomomi. Dillalin ya ce zuwa Juma'a zai sayar wa wani idan ban turo kuɗi ba. Akwai wanda ke Legas a cikinmu da zai iya zuwa ya duba mini katin?

Injiniya: Har yanzu ba ka faɗi ƙarfin akwatin wutar ba.